Jan biro a kan labarin mai doya

Ku da kuke zuwa kuna cewa, "Anti Talatu, ki sa mu cikin masu duba labari," na san abin da kuke tsammani. Gani kuke aikin bai wuce mutum ya kishingiɗa da waya a hannu, ya karanta abin da wani ya rubuta, ya ce ya yi ko bai yi ba. Kwanaki wata a cikinku ta ce mini ko a cikin mota za ta iya, kafin a fita daga cunkoson Dutse Alhaji ta gama. Ban yi mata musu ba. Amma tun da kun zauna, bari in gaya muku yadda na shigo sana'ar da ɓarnar da na taɓa yi a cikinta, sai kowa ya auna.

Ni asalina mai buga takardu ce. Da shaidar koyon tafireta na shigo Abuja, aka ɗauke ni a wata ma'aikatar tarayya, sashen da ke fitar da rahotanni. A can na tarar da Malam Isiyaku, dattijon da ke duba rubutu kafin a kai maɗaba'a. Ba komai a teburinsa sai rula ta katako, fensir biyu, abin gogewa da rezar fiƙe fensir. Yakan ɗora rular a ƙarƙashin layi, ya karanta leɓensa na motsi, sannan ya sauko da ita layi na gaba. Ko minista ne ke jira, haka zai yi.

Aikin farko da ya ba ni jawabin wani babban jami'i ne, shafi huɗu. Na zauna na zaƙulo kurakurai fiye da goma, na kai masa ina jiran yabo. Ya duba, ya ce, "Madalla, kin ga kuskure. To me mutumin yake so ya faɗa?"

Na sake leƙa takardar ina neman amsar.

Ya ce, "Koma ki karanta, hannunki a kan cinya. Kada ki taɓa fensir sai kin iya gaya mini abin da ke ransa."

Shekara shida na yi kusa da teburin nan. A wurinsa na koyi cewa ana fara gaya wa mai rubutu abin da aka fahimta, don ya san an karanta. Ana nuna masa wurin da ya yi kyau, da shafi da layi, ba a ce "ya yi kyau" a dunƙule ba. Inda ya karkace, tambaya ake yi. Kuma ba a yi wa mutum gyara a gaban jama'a. Bai taɓa jera mini su a matsayin darasi ba, gani na yi yana yi. Allah ya jiƙansa, ya saka masa da alheri.

Da sojoji suka koma bariki, gari ya buɗe. Gine-gine suka riƙa tashi ko'ina, mutane na kwararowa daga kowace jiha, kowa da takardar da yake so a buga masa. Na ajiye aikin gwamnati na kama shago a Dutse Alhaji, na sa kwamfuta ɗaya, firinta, injin fotokwafi da ƙaramin janareto. Takardun neman aiki, na neman kwangila, rubutun ɗalibai, duk ina bugawa. Ban taɓa zaton labari zai shigo ciki ba.

A lokacin akwai wani wasan kwaikwayo da ake nunawa a talabijin duk Lahadi da yamma, a kan mazauna wani babban gidan haya. Idan lokacinsa ya yi har layinmu yakan yi tsit. Sai kwatsam aka daina nuna shi, ba a ƙarasa ba. Mutane suka ƙi haƙura. Wannan ya sayi littafin makaranta ya rubuta yadda yake ganin ya kamata a ƙare, waccan ta ɗauki mutum biyu daga cikin wasan ta haɗa su aure. Sai su kawo in buga, a yi fotokwafi, ya riƙa yawo daga ofis zuwa ofis. Mu a shagona ɗori muke ce masa, tun da a kan labarin wani ake ɗora shi. Shi ne dai wanda kuke yi yanzu a waya, takarda ce kawai babu.

Ɗori na farko da na yi wa gyara na wani darakta ne. Ya ajiye motarsa can nesa ya tako da ƙafa, ya miƙo mini ambulan, ya ce, "Hajiya, 'yata ce ta rubuta. Ki buga, in kin ga abin gyara ki faɗa." Ina buɗewa na ga rubutun mutumin da ya shekara ashirin yana sa hannu a fayil. Labarin ya fara da kyau. Can tsakiya sai ga wani darakta mai kirki ya shigo gidan hayan, ya tara kowa, ya yi musu jawabi shafi biyar, duk rigimarsu ta mutu.

Da ya dawo na jira shago ya yi sarari, na ce, "Ranka ya daɗe, ka gaya wa yarinyar wurin da mai gidan ya zauna shi kaɗai yana gyaran rediyon matarsa da ta rasu, sau biyu na karanta. Amma da daraktan nan ya shigo sai na rasa mutanen da na zo gani. Ko za ta bar su su sasanta da kansu, mu ga yadda za su yi?"

Ya gyara hula, ya ɗan yi tari, ya ce, "Za a gaya mata."

Bayan mako biyu ya dawo, daraktan cikin labarin ya koma rabin shafi, ya zo neman ɗaki ne ma aka ce babu. Shekaru muka yi a haka, ni da shi da wannan 'ya tasa da ban taɓa gani ba. Shi ya riƙa turo mini mutane, har aka san ni da duba labari fiye da buga takarda.

Kayan aikin ba su da yawa, amma ba a yi sai da su. Dole ka san asalin wasan fiye da mai rubutun. Na sayi faya-fayansa gaba ɗaya, na buɗe wani littafi mai kauri ina rubuta kowa da halinsa: wane da wace ƙafa yake ɗingishi, wance me take kiran mijinta, wa ke gaba da wa tun kashi na uku. Masu karanta ɗori ba sa yafe irin wannan. Ka sa mai gidan ya sha shayi da madara alhali kowa ya san baƙi yake sha, an gama da labarinka. Sannan abin da ya fi wuya: ba naka ba ne ka ce ba ka son yadda mutum ya juya labarin. In ya ce wance zai aura wa wane, burinsa ne. Naka shi ne ka taimaka masa ya kai su can ta hanyar da mai karatu zai yarda.

Duk wannan na sani, kuma da saninsa na yi abin da na yi.

Shekarar rusau ce. Wata safiya muka fito muka tarar an shafa jan fenti a bangon shagunan layinmu. Ba wanda ya san ranar da katafila za ta zo. Kowa na aiki ido ɗaya a kan titi. Ni kuma na ɗauki ayyuka fiye da ƙarfina, ina so in gama in sallami mutane kafin abin ya faru.

Cikin wannan hali Rahila ta shigo. Malamar firamare ce, 'yar Gbagyi, daga wani ƙauye a bayan Abaji, tana koyarwa a wata makaranta a hanyar Bwari. Siririya, mai magana a hankali. Ta ciro littafi mai shafi tamanin daga jaka ta riƙe shi da hannu biyu, ta ce, "Anti, an ce kina duba labari. Wannan shi ne na farko da na taɓa rubutawa."

A cikin wasan nan akwai wata mai tallan doya da kan leƙo ƙofar gidan hayan jefi-jefi. Ba ta da suna. Takan shigo ta yi gurguwar Hausa, a yi dariya, ta fita. Aikinta ke nan. Ita Rahila ta ɗauka. Ta ba ta suna, ta ba ta gona da miji da ya rasu da 'ya'ya uku, ta bi ta tun daga ƙauye har ƙofar gidan.

Ni ban ga wannan ba a ranar. Ina buɗe littafin, biro a hannu, kuma jan biro, don fensirina ya ɓace a cikin hayaniya ban nemi wani ba. Idona ya faɗa kan "yarinya na ya tafi makaranta". Na ja layi. Na ga "gona na ya tafi". Na ja layi. Na riƙa tsalle daga shafi zuwa shafi ina farautar irinsu, ina mayar da su Hausar Kano. Kafin azahar na gama shafi tamanin. A saman shafin farko na rubuta: "A fara koyon Hausa kafin a fara rubutu."

Da ta zo karɓa, shago cike yake. Ban ja ta gefe ba. Na miƙa mata na ce, "Malama, aikin da yawa. Kusan kowane layi sai da na taɓa." Wani da ke jiran fotokwafi ya leƙa ya ga ja, ya yi dariya.

Ta buɗe, ta karanta abin da na rubuta a sama, ta juya shafi uku ko huɗu. Sannan ta ɗago ta ce, "Anti, kin karanta shi kuwa?"

Na ce, "Ga shi kina gani."

Ta rufe littafin, ta ajiye a kan tebur, ta ce, "Na gode." Ta fita ba ta ɗauka ba. Na ɗauka mantuwa ce, na jefa shi cikin buhun takardu.

Ba a yi kwana goma ba katafila ta zo. Na samu na fitar da kwamfuta da buhun takardun nan, injin fotokwafi kuwa a ƙarƙashin bulo ya ƙare. Na koma wurin yayata a Uke na zauna wata biyar ba aiki. Masu kawo mini rubutu suka watse, don ba su san inda nake ba. Yayata na sayar da abinci a bakin titi, nakan taya ta da safe, da rana in zauna a bayan rumfa ina kallon manyan motoci suna wucewa.

Wata rana ina neman takardar da za a naɗe ƙosai, na zazzage buhun, littafin Rahila ya faɗo. Ba ni da biro, ba ni da wurin zuwa. Na zauna na karanta daga farko, hannuna a kan cinya.

Kafin in kai shafi na goma na gane. Duk inda Rahila ke ba da labari da bakinta, Hausarta tsaf take, ba abin taɓawa. Sai inda mai doyar ta buɗe baki ne kawai maganar ke canzawa. Da gangan ta yi. Irin Hausar da ake yi wa matar dariya a talabijin, ita ta bar mata, amma ta sa ta faɗi abin da ba mai iya dariya. Akwai wurin da aka zo aka auna gonarta za a yi gidaje, ta tsaya tana kallon masu awon, ta ce wa ɗanta, "Gona na ya tafi, amma hannu na yana nan. Ɗauko fartanya." Ni kuma na ja layi a kai na gyara mata jinsi. Na kuma lura a talabijin a ka matar ke ɗaukar doya, Rahila kuwa ta mayar da kayan kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke yi. Ta san abin da take yi fiye da masu wasan, fiye da ni.

Malam Isiyaku ya yi ritaya a lokacin, yana garinsu. Na kira shi a waya na gaya masa komai. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Kin san inda take?" Na ce na san hanyar makarantar. Ya ce, "To ki je da ƙafarki. Kada ki aika."

Jan biro ba ya goguwa. Sai na jona kwamfutar a shagon wani mai cajin waya, na buga labarin gaba ɗaya yadda ta rubuta shi tun asali, ina leƙen rubutunta a ƙarƙashin nawa. Kwana huɗu na yi. Na hau mota zuwa hanyar Bwari, na yi tambaya makaranta uku kafin in dace. Na jira aka tashi yara.

Da ta gan ni ta gaishe ni da ladabi, amma ba ta matso ba. Na ce, "Malama Rahila, kin tambaye ni ko na karanta, na ce miki ga shi kina gani. Ban karanta ba. Yanzu na karanta. Abin da na rubuta miki ba daidai ba ne, kuma na yi shi a gaban mutane. Ki yafe mini."

Ta karɓi takardun ta duba. Ta daɗe a shafin masu awon gona. Ta ce, "Na daina rubutu, Anti. Tun ranar ban ƙara ba. Na ce wataƙila abin na masu harshen ne."

Na ce, "Da na masu harshen ne kaɗai, da matar nan har yau ba ta da suna."

Ta ce, "Mamana ce. Haka take magana. In ta je kasuwa ana kwaikwayonta, tana ji, sai ta yi kamar ba ta ji ba."

Muka zauna a kan bencin yara. Na ce in ta yarda akwai abubuwan da nake so in tambaya, in ba ta so kuma mu bar shi. Ta ce in faɗa. Don kada ku ɗauka neman gafara na nufin a ce komai ya yi: labarin yana da rauni, kuma da na ɓoye mata da na ƙara cutarta. Na nuna mata inda babban ɗan matar ya yi arziki dare ɗaya ya saya mata gida. Na ce, "Kafin nan duk abin da ta samu da hannunta ta samu. Nan kuma sai na ga an miƙo mata daga sama. Ke kin yarda da wurin?" Ta yi ɗan murmushi, karo na farko, ta ce, "Tausayinta na ji." Na kuma nuna mata inda mai gidan hayan ya durƙusa yana ba matar haƙuri, na ce mutumin da muka sani a wasan girman kai ba zai bar shi ba, ko akwai wata hanya da zai nuna nadama irin tasa? Ta ce, "Zai iya sayen doya bai yi ciniki ba." Na ce shi ke nan, ta fi ni sanin sa.

Na uku ba ta karɓa ba. Na ce ƙarshen ya yi tsawo, a yanke tafiyar matar zuwa gida. Ta ce, "A'a, Anti. Hanyar tana da tsawo ne." Na bar mata. Da aka yi fotokwafi labarin ya fara yawo, wurin nan mutane suka fi magana a kai.

Ta hanyar Rahila aiki ya dawo mini. Malaman makarantarsu suka fara kawo rubutu, na samu ɗan lungu na sake buɗe shago. Ita kuma ba ta ƙara tsayawa ba, yanzu ma nata na kanta take rubutawa, ba ɗori ba. Ina gode wa Allah da ya sa ta saurare ni a ranar, don tana da ikon ta juya mini baya, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Lokacin kaka ta ce in raka ta ƙauyensu, tana so ta karanta wa mahaifiyarta. Muka sauka a Abaji muka hau babur. Tsohuwar na zaune a gindin mangwaro da wasu mata suna ɓarar gyaɗa. Ba ta san karatu ba, ko a talabijin ma ba ta taɓa ganin wasan ba. Rahila ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ta fara. Da farko matan na dariya in sun ji maganar da suka sani. Da aka zo wurin masu awo, hannuwa suka tsaya, ba mai ɓarar gyaɗa.

Can tsohuwar ta ɗaga hannu. Rahila ta dakata.

Ta ce, "Ba fartanya ba. Ranar nan ni bai ce ɗauko fartanya ba."

Rahila ta ce, "Me kika ce, Mama?"

Ta ce, "Na ce ɗauko irin doya. Fartanya ana saya a kasuwa. Iri kuwa na baban ku ne, in ya ɓace ba a samu." Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Kai ne mai gyara?"

Na ce, "Ni ce, Mama."

Ta ce, "To gyara."

Na karɓi takardar daga hannun Rahila, na ɗora a gwiwa, na rubuta yadda ta faɗa. Ta sa aka maimaita mata wurin, ta saurara, ta gyaɗa kai. Sannan ta jawo kwaryar gyaɗarta ta ce wa 'yarta ta ci gaba.